Yadda Za Ki Sa Wa Kaka Sabon Katin Hoto Ba Tare da Kin Taɓa Gam Ɗin Yallaɓai Ba

"Ba zan danna ba, Yallaɓai."

Haka na faɗa wa mai shagonmu ranar wata Talata da hantsi, a gaban ma'aikata da kwastomomi biyu, kuma daga wannan rana na zama ƙwararriya a fannin da zan koya miki yau. Gyara zama, 'yar'uwa. Idan kina da katin hoto sabo fil, da kwamfutar da babbar manhajarta ta girmi ƙanenki na sakandare, na yi miki alkawari: ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, katin zai yi aiki. Ban taɓa ganin hanyar ta ƙi ba. Sau ɗaya na gwada, kuma ta yi.

Ga wadda ba ta sani ba, katin hoto wani ƙarfe ne da ake cusawa cikin kwamfuta don ya ɗauke mata nauyin zane da bidiyo. Ba ya motsi sai da direba, wato 'yar manhajar da ke yi musu tafinta shi da kwamfutar. In babu tafinta, sai su zauna ɗaki ɗaya suna kallon juna. Iyakar ilimin da kike bukata ke nan. Sauran duk haƙuri ne.

Mataki na 1: Ki nemi Kaka

Ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ta cancanta ba. Ki nemi irin tamu. Shagonmu na zane ne da buga alluna: allon makaranta, na kanti, sitikar jikin mota. A ƙuryar ciki, ƙarƙashin fankar da wuyanta ya daina juyawa, kwamfuta ɗaya ce zaune, muna kiranta Kaka. Shekararta goma sha huɗu a wurin. In kin kunna ta, kina iya zuwa ki yi alwala ki dawo kafin ta gama buɗe ido.

Ba a sake mata manhaja, saboda injin yankan sitika ba ya jin maganar kowa sai tata, kamfanin da ya ƙera injin kuma ya daɗe da rufewa. Wannan dalili ne mai kyau. Ki adana shi, domin shi kaɗai ne mai kyau da za ki ji a labarin nan.

Sai maganar gam. Shekarun baya wani ma'aikaci ya kwashi zane-zane a filashi, ya tsallaka titi ya buɗe nasa shagon. Tun ranar Yallaɓai ya ɗauko gam mai kama ƙarfe ya cike duk ramukan filashi na jikin Kaka, gaba da baya. Waɗanda wayoyin injuna ke ciki ya manne su da wayoyin. Ya zare wayar intanet. Ya sa wa akwatin kwaɗo, makullin yana aljihunsa tare da na mota. Ƙofa ɗaya ta rage, wurin sa faifai, shi kuma karatu kawai ya iya, ba ya rubutu. Abu yana shiga Kaka, ba ya fita. Duk aikin shekara goma sha huɗu yana cikinta, har da nawa na shekara huɗu, kuma babu kwafinsa ko'ina a duniya.

Yallaɓai yana kiran wannan tsaro. Ke ma ki kira shi haka.

Mataki na 2: Ki bari a sayo kati ba a tambaye ki ba

Wannan ba ya bukatar ƙoƙarinki, da kansa yake faruwa. Yallaɓai ya leƙa shagon tsallaken titi ya ga ana nuna wa kwastoma allonsa yana juyawa a sikirin, gaba da baya, har da inuwa. Kwana biyu bai ci abinci da daɗi ba. A na uku ya shigo rungume da kwali kamar mai jego.

"Malama Digiri," haka yake kirana in yana cikin fara'a, da kuma in ba ya ciki, "ga shi nan. Kafin la'asar ina son in ga allo yana juyawa."

Masana sun tabbatar cewa abin da aka saya da tsada ba ya ƙin aiki, sai dai ma'aikaci ya ƙi. Ki sa wannan a ranki tun yanzu.

Mataki na 3: Ki karanta kwali, amma kada a gan ki

Ni a nan na fara kuskure. Na juya kwalin a gabansa, na sa yatsa a kan jerin manhajojin da katin ya yarda da su. Ta Kaka ba ta ciki. Wadda ta gaje ta ma ba ta ciki.

"Yallaɓai, masu katin ba su yi masa direban da zai hau kan Kaka ba."

"Ba su yi ba, ko ba ki iya ba?"

"Ba su yi ba. Ga shi a rubuce."

"Su da suka rubuta, sun san Kaka ne? Sun taɓa zuwa nan?"

Ba su taɓa zuwa ba, wannan gaskiya ne. Ki lura da irin wannan hujja, ba a kayar da ita. Abin da ya kamata ki yi shi ne ki shafa kwalin, ki ce kai, Yallaɓai, wannan ai ba a ƙasa ake samunsa ba. Da na yi haka, da yanzu ba ni da abin koya miki.

Mataki na 4: Ki cusa katin

Yallaɓai zai buɗe kwaɗon da hannunsa, ya jawo kujera ya zauna dab da gwiwarki, don kada ki haɗiye masa faifan ajiya yana kallo. Ki share ƙurar shekara goma sha huɗu ba tare da kin yi tari ba, tari raini ne. Katin ya fi wurin tsawo, sai kin karkata shi kamar mai shigar da gado ta ƙaramar ƙofa. Zai nemi wutar da Kaka ba ta da ita. Wannan kam Yallaɓai zai yarda a sayo sabuwar tukunyar wuta, domin abu ne da ake riƙewa a hannu a ji nauyinsa.

Ki kunna. Fankoki uku za su tashi. Fitilu za su kama, ja, shuɗi, kore, suna zagayawa ta ramukan akwatin. A sikirin kuwa komai zai kumbura, harafi ɗaya ya yi girman goro, rabin zanenki ya faɗa bayan gefe.

"Kin gani?" in ji Yallaɓai, idonsa a kan fitilun. "Da kin ce ba zai yi ba."

Mataki na 5: Ki gwada duk hanyoyin arziki

Kwana goma sha tara na yi a wannan mataki, kuma ba na jin kunyar ko ɗaya. Kullum in na tashi aiki sai in biya shagon intanet in sauke wani direba, in sa a faifai, da safe in miƙa wa Kaka. Na kawo sabo, ta ce ba ta san shi ba. Na kawo tsoho, ya ce bai san katin ba. Na kawo na tsakiya, ya yi tafiya har kashi casa'in da tara, ya tsaya ya yi tunani, ya koma inda ya fito. Faya-fayan da suka ƙi suka taru har Baba Mai Yanka, dattijon da ke kula da injin sitika, ya fara ɗora kofin shayinsa a kansu.

A cikin kwanakin nan aikin kwastomomi bai tsaya ba. Da kumburarren sikirin na zana alluna goma sha ɗaya, ina jan zane hagu da dama kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli. Ba wanda aka dawo da shi.

Rana ta ashirin na rubuta shawara uku a takarda da hannuna. Na ɗaya, a kankare gam ɗin rami guda a kwafe duk abin da ke cikin Kaka. Na biyu, a bar Kaka da injinta, ta ci gaba da yanka. Na uku, a samo sabuwar kwamfuta a mayar da katin can. Na kai masa ofis. Ya karanta layin farko kawai.

"A kankare gam? Wa ya aiko ki? Na tsallaken titi?"

Ya jefa takardar a durowa. Ki tuna da durowar nan, za mu dawo kanta.

Mataki na 6: Ki yi maraba da Injiniya

Kowane shago yana da nasa. Namu ƙanen matar Yallaɓai ne. Ba a san abin da ya karanta ba, amma yana da jakar baya da wayoyi uku. Ya zo ranar Talata da faifai a hannu, an rubuta masa da alƙalamin maka: GYARARRE.

"Yaya, an gama," ya ce wa Yallaɓai. "Wani ne ya buɗe cikin direban ya yi masa dabara. Yana hawa kan komai."

"Wane ne shi?" na tambaya.

"Wani ne a intanet."

"Sunansa?"

"Ƙanwata, ke matsalarki karatu ya yi miki yawa. Kina son sunan mai magani ne ko kina son ki warke?"

Na karɓi faifan na karanta 'yar takardar bayanin da aka bugo tare da shi. Shi kansa mai dabarar, Allah ya saka masa, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa sai an kashe duk kariyar kwamfuta kafin a saka, kuma in ta ƙi tashi daga baya kada a neme shi. Ya ƙara da cewa mai hankali ya fara kwafe kayansa. Na karanta musu da ƙarfi.

"Haka duk suke rubutawa," in ji Injiniya. "Ado ne."

Mataki na 7: Ki ƙi

An sa faifan. Akwati ya fito a sikirin da maɓalli ɗaya mai cewa a ci gaba. Injiniya ya ja da baya, ya sa hannu a aljihu. Yallaɓai ya nuna mini kujera.

"Danna."

"A fara kwafe aikin, Yallaɓai, sai in danna sau goma."

"Na ce ki danna."

"Ba zan danna ba, Yallaɓai. In Kaka ta ƙi tashi, shekara goma sha huɗu sun tafi, injin Baba ya zama tebur. Ga Injiniya nan, shi ya kawo, yatsunsa goma cif."

Nan take ɗaya daga cikin wayoyin Injiniya ta yi ƙara, ko kuma shi kaɗai ya ji ta yi. Ya fita yana cewa hello, hello, ba na jin ka.

Ga sirrin da ba a koyarwa a jami'a, ki karɓa kyauta. Ba direba ake son ki saka ba. Yatsa ake nema. In abin ya yi, dabarar Injiniya ce da hangen nesan Yallaɓai. In ya ƙi, an san wadda ta danna, kuma ba ƙanen matar kowa ba ce.

Mataki na 8: Ki jure

Washegari za ki tarar an ɗauke kujerarki. Ni benci aka ba ni a bakin ƙofa, inda rana ke sauka daga sha ɗaya zuwa uku. Sabon aikina ɓare sitika: in inji ya yanka haruffa, sai a bi da allura da farce a cire abin da ba a so, a tsakiyar kowane harafi, ɗaya bayan ɗaya. Digirina yana gida cikin leda, ni ina tsince cikin harafin O.

Ki zo da wuri fiye da da. Ki gaida Yallaɓai da cikakkiyar gaisuwa kullum, ko da bango zai amsa. Ki ɓare sitikarki ta fi ta kowa tsabta, wannan ya fi zagi ciwo. In farcenki ya tsage, ki naɗe shi da salatif ki ci gaba. Kada ki yi kuka a shago. Akwai banɗaki a bayan gini, famfonsa yana da ƙara.

Kwastomomin da suka saba da ni za su tsaya su ce, a'a, Malama, ke ce a nan? Sai in ce iska nake sha.

A gida kuma ga Umma, mahaifiyata.

"Ki danna musu abinsu mana. In ya lalace ai nasu ne."

"Umma, aikina na shekara huɗu yana ciki."

"To kin fi mai kayan sanin darajar kayansa ne?"

"Na fi shi, Umma."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Wannan taurin kan ba a ɗakina kika ɗauko shi ba. Na dangin ubanki ne."

Baba Mai Yanka kaɗai ke zuwa bencin. Yakan ajiye mini rabin shayinsa, ya yi kamar yana duba aikina.

"'Yata, ni ban san kan abin nan ba. Amma jiya an ce in danna, na ce ciwon hannu gare ni."

"Wane hannun, Baba?"

"Duk wanda aka nuna."

Mataki na 9: Ki zuba ido a kan maɓallin

Mako biyar na yi a benci. A duk tsawon lokacin nan kowa a shagon ya yarda faifan Injiniya ba shi da wata illa. Yallaɓai ya rantse. Injiniya ya ce ya saka shi a kwamfuta ta fi ashirin. Amma kullum da safe sai a sa faifan, akwatin ya fito, maza su tsaya a kansa hannu a baya kamar masu duba mara lafiya, sannan wani ya tuna yana da uzuri. Yallaɓai da kansa ya taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. Na gan shi daga ƙofa. Ya kai kibiyar har kan maɓallin, ya yi gyaran murya, ya ce bari ya amsa sallama. Babu wanda ya yi sallama.

Katin kuwa yana nan yana shan wuta yana ba da fitilu. Yallaɓai ya sa an juya akwatin ya fuskanci ƙofa. Wata mai kanti ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kwamfuta mai kwalliya haka ba.

Mataki na 10: Ki bari a kore ki

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Duk wadda ta tsallake shi kada ta zo mini da ƙorafi.

Ranar wata Alhamis wani babban kwastoma ya ce yana son ya ga allonsa yana juyawa, aka ce sai wani mako, ya tsallaka titi. Yallaɓai ya tsaya a ƙofa yana kallonsa har ya shige. Sannan ya juyo kan bencina.

"Ke kika jawo wannan. Yau ko ki danna, ko ki ajiye makullin shago."

"An kwafe aikin, Yallaɓai?"

"Ba a kwafe ba, ba za a kwafe ba."

Na gama ɓare harafin da ke hannuna, domin ba na barin aiki rabi. Na ciro makullin daga jaka na ajiye a kan bencin. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a ba ni kwafin zanen da na yi da hannuna, in nuna a inda zan nemi aiki.

Ya yi murmushi, karo na farko a mako biyar.

"Malama Digiri, ai kin sani. Abu ba ya fita daga Kaka."

Mataki na 11: Ki jira sakamako a gida

Ba zai daɗe ba. Kwana goma sha biyu da tafiyata Baba Mai Yanka ya kira ni a waya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"'Yata, Injiniya ya kawo sabuwar dabara. Har uku."

"Wace iri, Baba?"

"Wai a kankare gam a kwafe aiki. A bar Kaka da injina. A sayo sabuwar kwamfuta."

"Da ka ya faɗe su?"

"A takarda ya karanta. Daga durowar Yallaɓai ta fito. Ni dai ban yi boko ba, amma na san rubutunki."

Baba ne ya kankare gam ɗin da rezarsa, wuni guda. Aka kwafe komai. Aka kawo sabuwar kwamfuta, aka mayar da katin cikinta, direban masu katin ya hau kafin shayin Baba ya huce. Allo ya juya, gaba da baya, har da inuwa. Yallaɓai ya dafa kafaɗar Injiniya ya ce ilimi ba a takarda yake ba. Da yamma ya ɗauko gam ya cike ramukan sabuwar, ya sake cike na Kaka. Faifan nan mai suna GYARARRE har yau ba wanda ya danna shi. Yana ƙarƙashin kofin Baba.

Kin ga na cika alkawari. Katin yana aiki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. In kin bi matakan nan farcenki ya tsage, naki ne. In mahaifiyarki ta fara ce wa maƙwabta hutu kike yi, ku daidaita tsakaninku. In kin zaɓi ki danna kuma Kaka ta tashi lafiya, kada ki zo ki ba ni labari. Mai yiwuwa ne ta tashi. Ban taɓa cewa ba za ta tashi ba. Cewa na yi ba a jefa aikin shekara goma sha huɗu a kan mai yiwuwa, kuma ko gobe aka sake nuna mini kujerar, amsata tana nan yadda take.

Amma kada wani ya ce miki abin kyauta ne. Watana takwas ke nan a gida. Yallaɓai ya ƙi rubuta mini takardar shaidar aiki. Wuri shida na je neman aiki, ko'ina tambaya ɗaya ce: ina zanen da kika yi? Zanena yana cikin kwamfuta biyu yanzu, duk a manne da gam. Don haka da safe nakan bi titi da wayata, in tsaya gaban kantunan mutane in ɗauki hoton allunan da na zana. Wasu rana ta cinye launinsu. Wasu an liƙa musu talla a kai. Jiya wani mai gadi ya kore ni daga gaban allon makarantar da na yi kwana huɗu ina daidaita haruffansa, ya ce ba a ɗaukar hoto a nan.

Na samu hoton allo ashirin da uku. Na zana sama da ɗari huɗu.